Me ya sa lokutan aikatau na Turanci suke kayar da ɗalibanmu?

Me ya sa yaro zai shafe shekara 12 yana koyon Turanci, daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen sakandare, amma ya kasa rubuta sakin layi guda ba tare da aikatau ya zame masa ba? Wannan tambaya takan dawo sabuwa duk lokacin da hukumar WAEC ta fitar da sakamako. A watan Agusta na 2025 muhawarar ta fi zafi, domin da farko hukumar ta sanar cewa kashi 38.32 cikin 100 ne kawai suka sami kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki kuma ta ce an yi kuskure wajen makin wasu takardu, ciki har da na Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. A watan Nuwamba na shekarar sai Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa wanda aka amince da shi a 2022, ya ce da Turanci za a riƙa koyarwa tun daga matakin farko.

A irin wannan muhawara akan ɗora laifin a kan lalacin ɗalibai, ko a ce Hausa ce take ɓata musu Turanci. Amma duk wanda ya taɓa zama da tarin takardun insha'i yana maki ya san cewa kurakuran ba a warwatse suke ba. Iri ɗaya ne suke maimaituwa daga takarda zuwa takarda, kuma mafi yawansu sun taru a wuri biyu: lokacin aikatau, da kuma sigar da Turanci yake amfani da ita wajen fata da ƙaddara abin da bai faru ba.

Abin da kowane harshe yake tilasta wa mai magana

A Hausa nauyin nuna lokaci ba a kan aikatau yake ba, yana kan wakilin sunan da yake gabansa. Muna cewa ya karanta, zai karanta, yakan karanta, kalmar karanta tana nan yadda take. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, siffofin da littattafan nahawu suke kira shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci, a haƙiƙa abin da suke nunawa shi ne ko aikin ya kammala ko yana gudana, ba wai yaushe ya faru ba. Bahaushe yana cewa yanzu ina cin abinci, ya ce jiya da ka zo ina cin abinci, ya kuma ce gobe war haka ina cin abinci a Zariya. Kalmar ina ba ta motsa ba a jimlolin nan uku. Yanzu da jiya da gobe ne suka kafa lokacin, kuma da zarar an kafa shi sau ɗaya a farkon zance, ba sai an sake nanata shi ba.

Turanci bai yarda da wannan sauƙi ba. Dole kowane aikatau da yake riƙe da jimla ya nuna da kansa ko abin ya wuce ko bai wuce ba, ko da kuwa an riga an ce "yesterday" a farkon magana. Don haka ina guda ɗaya ta Hausa sai ta rabu uku, ta zama "am eating" da "was eating" da "will be eating". Siffofin lokaci da aikatau na Turanci yake da su a jikinsa biyu ne kacal, irin su "walk" da "walked", sauran duka da kalmomin taimako ake gina su, wato "have" da "be" da "will" da danginsu. Jadawalin lokuta 12 da ake sa yara haddacewa daga haɗa waɗannan ya samu. Yaro yakan iya zuba jadawalin nan tiryan-tiryan, amma ya kasa zaɓar wanda ya dace idan ya zo rubutu, domin ba a taɓa gaya masa tambayar da jadawalin yake amsawa ba.

Inda ƙafa take zamewa

Ga irin sakin layin da ake yawan gani a takardar insha'i: "Last week I went to the market. When I reach there, the trader is sleeping, so I wake him and he said he will reduce the price." Malami zai ja jan biro a wuri huɗu ya wuce. Amma a mayar da shi Hausa a ji: makon jiya na je kasuwa, da na isa mai shagon yana barci, sai na tashe shi, ya ce zai rage mini kuɗin. Babu aibi ko ɗaya a ciki. Yaron ya kafa lokacinsa a jimlar farko da "went", sannan ya ɗauka ya sauke nauyi, kamar yadda harshensa ya sabar masa. Yana barci ta ba shi "is sleeping", zai rage ta ba shi "will reduce". Abin da Turanci yake nema shi ne "reached" da "was sleeping" da "woke" da "would reduce". Akwai kuma hannun kunne a cikin lamarin, domin kalmar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa ɗan sautin da yake ƙarshen "reached" ko "asked" yakan faɗi a baki, wani lokaci har a bakin malamin kansa, abin da ba a ji ba kuwa da wuya a rubuta shi.

Wuri na biyu ya fi wannan wuya. Na gan shi, a Hausa, ta wadatar ko jiya ne ko yanzun nan. Turanci ya raba ta biyu: "I saw him" idan ana maganar wani lokaci da ya wuce ya rufe, da "I have seen him" idan abin da ake dubawa shi ne tasirin ganin a yanzu. Ƙa'idar da take ceton ɗalibi a nan ita ce "have seen" ba ta zama da kalmar da ta ambaci lokacin da ya shuɗe, don haka "I have seen him yesterday" kuskure ne a daidaitaccen Turanci. Ta ɗaya gefen kuma, ina nan tun da safe takan fito a matsayin "I am here since morning", alhali abin da ya faro a baya yake ci gaba har yanzu "I have been here since morning" yake bukata. Wannan bambanci, a gaskiya, shi ne wanda Hausa ba ta da madubinsa, kuma shi ne yake bin mutane har jami'a, har ofis.

Sai aikatau na hali da mallaka. Muna cewa ina da mota, ina jin Hausa, ina son shayi, duka da ina ta lokaci mai ci, shi ya sa "I am having a car" da "I am hearing Hausa" suke zuwa baki ba tare da tunani ba. Turancin jarrabawa ba ya sa wutsiyar "ing" a kan sani da mallaka da so da fahimta idan hali ake nufi, sai dai "I have a car" da "I understand Hausa". Shi kuwa "Did you went", ninka alamar lokaci ne kawai, tunda "did" ta riga ta ɗauke nauyin. Akwai ma kuskuren da ba daga Hausa ya fito ba, irin "When I will come, I will tell you". Bahaushe cewa yake idan na zo zan gaya maka, ba ya sa kalmar "za" a ɓangaren farko, kuma haka Turanci yake yi da "When I come". A nan da ɗalibin ya saurari harshensa da bai faɗi ba.

Sigar fata da ƙaddarawa

Abin da littattafan Turanci suke kira "subjunctive" siga ce ta aikatau wadda take nuna cewa abin da ake faɗa ba labarin abin da ya auku ba ne, fata ne, ko buƙata, ko ƙaddarawa. Ɗalibai suna jin tsoron sunan, alhali a Hausa wannan siga ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk mai jin Hausa ya san bambancin sun zo da su zo. Ta farko labari ce, ta biyu nema ce, kuma da ita muke cewa ina so su zo, dole su zo, gara su zo, kada su zo, Allah ya kawo su lafiya. A Turancin yau ɓurɓushinta ne kawai ya rage, a wurare uku.

Na farko tsofaffin kalaman addu'a ne da suka daskare. "God bless you" ba ta da harafin s a ƙarshen aikatau saboda ba labari ake bayarwa cewa Allah yana yin albarka ba, roƙo ake yi, daidai da Allah ya yi maka albarka. Haka "Long live the king" take, 'yar uwar ran sarki ya daɗe.

Na biyu shi ne bayan kalmomin shawara da umarni da wajabci, irin su "suggest" da "recommend" da "demand" da "it is necessary that". A nan aikatau yakan tsaya tsirara ba tare da wani ƙari ba, ko wane ne mai aikin, ko yaushe ne: "The committee recommended that he be suspended", "I suggest that she go". Sau da yawa mai gyara ne yake ɓata wannan, ya ga "she go" ya ɗauka an manta da s, ya mayar da ita "goes". Amfanin sigar yana fitowa fili a kalmar "insist". "She insisted that he was there" tana nufin ta dage cewa yana wurin, wato shaida take bayarwa. "She insisted that he be there" kuwa tana nufin ta dage sai ya halarta. Sakataren da yake rubuta bayanan zaman kwamiti, idan ya musanya waɗannan biyu, ya mayar da umarni ya koma labari. Gwajin mai sauƙi ne: a juya jimlar zuwa Hausa da jam'i, in "su" ce ta fito ba "sun" ko "suna" ba, to aikatau tsirara ake bukata.

Na uku, wanda ya fi yawa a jarrabawa, shi ne ƙaddara abin da ba haka yake ba. Hausa ta raba sharaɗi gida biyu da kalmomi mabambanta, wato gidan "idan" da gidan "da". Idan na sami kuɗi zan sayi mota, ƙofa a buɗe take, abin yana iya faruwa. Da ina da kuɗi da na sayi mota, ƙofa a rufe take, ba ni da su. Turanci kalma ɗaya gare shi, "if", don haka sai ya nuna bambancin ta hanyar jan aikatau baya da taki ɗaya. Ta farko ita ce "If I get money, I will buy a car", ta biyu kuma "If I had money, I would buy a car". Wannan "had" ba jiya take nufi ba, nisa daga gaskiya take nunawa, kuma rashin fahimtar haka shi ne tushen rikicin. Idan abin da ake ƙaddarawa ya riga ya wuce, sai a ƙara ja da wani takin: da na sani da ban je ba ta zama "If I had known, I would not have gone". Ba a sa "would" a ɓangaren "if", shi ya sa "If I would have known" ba ta samun maki. A cikin wannan gida ne "were" take zaune, inda ake cewa "If I were you" a wurin da ni ne kai.

Haka abin yake ga "wish" da "hope", waɗanda ake yawan cakuɗawa. Ina fata za ka ci jarrabawa "I hope you pass" ce, domin abin yana yiwuwa. Ina ma a ce ina da gida kuwa "I wish I had a house" ce, domin babu gidan. Wanda ya rubuta "I wish I am rich" ya haɗa ina ma da sigar tabbas. Masu shirya tambayoyi kuma suna ƙaunar "It is high time we left", wadda take ɗaukar sigar da ta wuce duk da cewa ba a tafi ba tukuna.

Sai dai akwai wuce gona da iri. Wasu da suka koyi "If I were" sukan ɗauka duk inda "if" ta bayyana "were" ce take biyo ta. "If he was at the meeting, he heard the decision" daidai take, domin ba a san ko ya halarta ko bai halarta ba, wato gidan idan ce ba gidan da ba.

Wa yake da gaskiya a saɓanin?

Su kansu masu harshen ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Tun a 1926 masanin Turanci H. W. Fowler ya yi hasashen cewa wannan siga tana kan hanyar mutuwa in ban da a wurare ƙalilan. Hasashen bai cika duka ba, domin Amurkawa sun riƙe irin "that she go" da ƙarfi a rubutunsu, yayin da mutanen Ingila suka fi sakin jiki da "that she should go", wani lokaci ma "that she goes". A hira ta yau da kullum kuma miliyoyin Turawa suna cewa "If I was rich" ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Haka nan "He said he will come tomorrow" karɓaɓɓiya ce idan goben ba ta riga ta zo ba, ko da yake mai maki "would" yake jira.

A Nijeriya an sami masana irin su Ayo Bamgbose da marigayi Ayo Banjo waɗanda suka daɗe suna bayanin cewa ƙasar tana da nata Turancin, kuma ba kowane saɓani da Turancin Landan ba ne kuskure. Suna da hujja, domin a watan Janairu na 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da Kannywood. Amma abin lura shi ne kalmomi aka karɓa, ba tsarin aikatau ba, kuma WAEC da NECO da JAMB har yanzu da ma'aunin daidaitaccen Turanci suke auna ɗalibi. A ganina bai dace a tsaya ana yi wa mutum dariya a Facebook don ya rubuta "was" a wurin "were" ba, tunda ma'anarsa ba ta ɓata ba. Kuskuren da ya cancanci tsanani shi ne wanda yake sauya abin da mai karatu zai fahimta, kuma mafi yawan irinsa a lokutan aikatau suke, ba a sigar ƙaddarawa ba.

Saɓani na biyu shi ne na harshen koyarwa. Masu goyon bayan matakin 2025 suna cewa yaro ba zai ƙware a harshen da ba ya ji kullum ba, kuma da Turanci ake rubuta jarrabawa. Masu adawa suna kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya bai sauya ba, wato yaron da yake zaune a aji a Gusau ko Azare da Hausa yake tunani, kuma malamin da aka hana shi cewa wannan gidan da ne, wancan gidan idan ne, an ƙwace masa gajeriyar hanyar da take hannunsa. Ɗaliban Nijar da suka yi karatu da Faransanci sukan sami sauƙi ta wannan fuska, domin sigar fata tana raye sosai a Faransanci kuma an koya musu ita da sunanta.

Abin da kuskuren yake jawo wa mutum

Ba a samun gurbin digiri a jami'ar Nijeriya ba tare da kiredit a Turanci ba, kuma takardar Turanci wajibi ce ga duk mai rubuta JAMB, ko likita zai zama ko lauya. Iyaye da yawa sun biya kuɗin jarrabawa sau biyu ko uku saboda wannan darasi kaɗai. Bayan makaranta ma abin bai ƙare ba. Mai neman aiki da ya rubuta "I worked with the company since 2019" ya bar mai karatu cikin shakka, ko yana wurin har yanzu ko ya bari. Majiyyacin da ya gaya wa likitan da ba ya jin Hausa "I take the drug", alhali sau ɗaya ya sha, ya ba da labarin wanda yake sha kullum. A bayanin da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda, "he had left when I arrived" da "he left when I arrived" suna iya raba wanda ya ga abu da wanda bai gani ba. Akwai kuma al'adar da ta yaɗu a sanarwar ofisoshi, ta rubuta "would" a wurin "will" da zaton ta fi ladabi, irin "Salaries would be paid on Friday". Ga wanda ya san ƙa'idar, wannan jimla tana jiran wani sharaɗi da ba a faɗa ba, kamar an ce da an biya albashi ranar Juma'a, aka yi shiru.

Manhajojin gyaran rubutu da suke cikin waya da kwamfuta suna kama irin "did went" nan take, amma ba su san ko mai rubutu yana wurin aikin har yanzu ba, ba su kuma san ko kuɗin da yake magana a kai yana sa ran samu ne ko ƙaddarawa kawai yake yi ba. Wannan hukunci yana hannun mai rubutu. Hanyar da ta fi amfani ita ce mutum ya gama rubutunsa tukuna, sannan ya dawo ya ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, ya tambayi kansa daga wane lokaci yake ba da labarin, ya tabbatar duka sun tsaya a can sai inda akwai dalilin matsawa. Duk inda ya ci karo da "if" ko "wish" ya juya jimlar zuwa Hausa ya ji ko idan ce ta fito ko da, duk inda ya ga "suggest that" ko "demand that" ya gwada sun da su. Wannan dabara ba ta kai ko'ina ba. Aikatau kusan 200 da ba sa bin ƙa'idar "ed", irin su "go" da "went" da "gone", sai an haddace su, bambancin "saw" da "have seen" kuma ba ya zama a kai sai da yawan karanta rubutun waɗanda suka iya, abin da yake da wuya a makarantar da ɗalibai biyar suke raba littafi ɗaya.